Ranar da Mai Man Gashi Ya Ɗaga Malhari

"Wahini, na same ku lafiya? Miƙo ƙafar in taɓa."

"Kar ka sunkuya, Bawuji. Na ji an ce yanzu da ka yi ƙasa kaɗan sai ka zarce."

Malhari ya tsaya a sunkuye, hannu a miƙe don taɓa ƙafa, yadda ake gaida na gaba a ƙasarsu, ƙunshin tsaraba a hammata. Shewanta, matar wansa, wadda yake kira Wahini, ita kuma take kiransa Bawuji, wato ƙanin miji, ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana zaune a tsakar gida da dutsen niƙa a gabanta, tana murza 'ya'yan badam, masu kama da gyaɗa, abincin 'yan kokawa, kamar su suka yi mata laifi.

Malhari fa ba ƙaramin ɗan kokawa ba ne. Daga Kolhapur har ƙauyukan rake da ke kewaye da ita, ba a taɓa ganin bayansa ya taɓa jar ƙasar fage ba. Wannan suna ne ya kai kunnen masu fim na Bombay, suka zo suka ɗauke shi ya fito a matsayin ƙaton mugun sarki. Yau da safe ya dawo gida don kokawar bikin shekara da za a yi jibi, sai ya tarar fim ɗin ya riga shi isowa. Mai majigi ya kafa tantinsa, kuma a gonarsu ma ya kafa shi. Tun a tashar mota wansa ya faɗa masa mummunan labari. Wastad Gyanu, tsohon da ya koya masa kokawa, wanda bai taɓa leƙa majigi ba, ya ji ƙishin-ƙishin wai an kayar da yaronsa a fim. Ya ce yau zai je ya gani da idonsa. In gaskiya ne, ƙafar Malhari ba za ta ƙara taka fagensa ba, har da na jibi.

Da wannan a ransa ya shigo, ga shi kuma an tare shi da baƙar magana tun daga ƙofa.

"Haka ake karɓar jarumi?" in ji shi, yana miƙewa. "A Bombay furanni ake rataya mini."

"A nan matattu muke rataya wa hotonsu furanni. Ko da yake kai ma ai ka kusa."

"Ga sari na kawo miki. Irin wanda taurarin fim ke ɗaurawa."

"Ajiye can. In na ɗaura shi sai in fara zagaya bishiya ina waƙa, yayanka ya kore ni."

"Wace bishiya ce za ta ɓoye ki? Sai dai a nemo kurmi."

"Ni dai ban taɓa faɗuwa ba, duk da nauyina. Kai fa?"

Malhari ya ja kujera ya zauna, ta yi ƙara. Ya murza gashin baki don ya nuna ko a jikinsa.

"Wai kin ga fim ɗin ne?"

"Jiya da yamma, kallon mata. Da ƙafata na je, da sabon takalmi, na tara maƙwabta ina cewa ku zo ku ga ƙanin mijina. Tun a bakin tanti na fara da-na-sani. Sun zana ka tsawon gida, fuska kore shar, haƙora waje. Tsohuwar gidan mai mazarƙwaila ta ce mini, 'Shewanta, me kike ba shi ya koma haka?'"

"Haka ake zana mugu! Jarumi ja, mugu kore. Ke me kika sani game da sana'ar fim? Ɓaunar gidan nan ta fi ki yawo."

"Ɓaunar gidan nan ta fi ka kunya. Ka tambaye ta madarar wa ka sha ka zama haka. Na shigo gidan nan amarya, na tarar da kai ƙaramin maraya, wuya kamar lauje, majina har baki. Wa ya tashi da duku-duku ya tatsar maka? Wa ya niƙa badam har kafaɗunsa suka fi na yayanka faɗi? 'Ya'yana sun sha madara da ruwa, kai ka sha da man shanu. Duk don me? Don wani mai man gashi ya zo ya ɗaga ka kamar damin kara!"

"Bai ɗaga ni ba!"

"Da idona na gani! Wani siriri, ƙugu kamar na amarya, ya gama rawa a cikin ruwan sama ko haki bai yi ba, ya zo ya sure ka da hannu biyu. Ko gashinsa bai motsa ba."

"Igiya ce, Wahini! Igiya aka ɗaura mini a ƙugu, ƙarti suna sama suna ja. Shi ko tulun ruwa ba zai ɗaga ba. Da na rungume shi a wasa, sai da aka kira likita."

"Oho! Ashe ƙarti ne suka taru suka kayar da kai. To, ya fi daɗin ji."

"Ba wanda ya kayar da ni! Ni na kwanta da kaina, mai ba da umarni ne ya ce in kwanta."

Shewanta ta saki dutsen niƙa. Sai yanzu ta ɗago ta dube shi, irin kallon da take yi wa mai awon da ya tauye mudu.

"Maimaita. Kai ka kwanta da kanka?"

"Ai wasa ne. Kowa ya san wasa ne."

"Wastad ya sani? Mutumin da aka ce masa hoto na tafiya ya ce a tofa masa addu'a? To zaɓi ɗaya ka faɗa masa yau. In ka ce kayar da kai aka yi, mai rawa ya fi ka. In ka ce kai ka kwanta, to ka sayar da bayanka. Wanne zai fi yi masa daɗi?"

Abin da ke cin ran Malhari tun daga tashar mota ke nan, ga shi ta zazzage masa a gaba kamar shara. Ya san halin tsohon sarai. Mutum ne da yake kwaɓa ƙasar fagensa da kurkum da man shanu da hannunsa, yake taɓa ta ya shafa a goshi kafin ya taka. A wurinsa wanda aka kayar yana da gobe, amma wanda ya kwanta don a biya shi ba ya da ita. Kuma gaskiya Malhari tsoro ya kama shi. Bombay ta ba shi takalmi mai ƙyalli da agogo, amma a can ba wanda ya san ƙanshin wannan ƙasar, shi kuwa ba shi da wani gida da ya wuce ta.

Amma a gaban Shewanta ba a nuna rauni. Sai ya ɗaga murya.

"Ke dai baƙin ciki kike! Duk ƙasar nan an ga fuskata. Ke fa, wa ya san ki in ba ɓauna ba?"

"An ga fuskarka kore. Kuma magana nawa ka yi a fim ɗin? Ina zaune ina jira in ji muryar ƙanin mijina, sai gurnani. 'Haaa!' Shi ke nan. Ɓaunata ma in aka kai ta Bombay za ta iya, kuma ita ba za ta kwanta ba sai ta ga dama."

"Na yi magana! Sun yanke ne."

"Sun kyauta wa jama'a."

"Jarumar fim ɗin da kanta ta ce ba ta taɓa ganin ƙirji irin nawa ba."

"Ƙirjina ne, ni na gina shi. Ta aiko mini da godiya?"

"Kin san ma me? Zan koma. Gobe zan koma Bombay, ki zauna da dutsenki. Can ana son mutum."

"Sauka lafiya. Ka gaishe da igiyar."

Ya miƙe fuu har kujerar ta kife. Ya kai bakin ƙofa, sai ƙafar ta ƙi. Daga nan ana hango kan tantin majigi a gonarsu, bayansa kuma rufin fagen Wastad. Ya daɗe yana kallo. Da ya juyo, muryar ta sauka.

"Wahini, matan da kika tara, duk sun gani ke nan. Kafin yamma mazansu sun ji. Ko tsohon bai je ba an gama da ni."

"Sun ga me?"

"Faɗuwar mana."

"Wa ya ce maka sun gani? Ni ce dai na gani, don a gaba nake, kuma na san tsayuwarka. Da na ga ka saki ƙafa, ka bar ƙugu a buɗe kamar ɗan koyo, na ce yau za a ci mutuncin madarata. Yana ɗaga ka, ka fara gangarowa, sai na miƙe tsaye a gaban hasken."

"Kika yi me?"

"Na miƙe, na buɗe sari, na kurma ihu, 'Kunama! Kunama!' Ka ce babu bishiyar da za ta ɓoye ni ko? To farin ƙyallen nan kaf inuwata ta rufe shi. Mata suka watse, wata ta bar takalmi, wata ta bar ɗa. Kafin a nutsu an kai wurin waƙa."

Malhari ya dawo daga bakin ƙofa.

"To yau fa? Yau kallon maza ne. Ba za a bar ki ki shiga ba."

Shewanta ta goge hannu. Ta kwance ƙullin da ke bakin sarinta a hankali, don ta san yana kallo, ta ciro wani abu baƙi, siriri, a naɗe kamar zare. Ta jefa masa a ƙirji.

"Ga bayanka nan. Na ɗauke shi daga ƙasa."

Ya warware shi da manyan yatsunsa, ya ɗaga wajen rana. Zaren fim ne. Ga shi nan a ciki, ƙanƙane kamar ƙuda, hoto bayan hoto, yana gangarowa har ya baje rigingine.

"Mai majigi ya yarda?"

"Da fari ya ce kamfani zai kashe shi. Na tambaye shi, turakun tantin nan a gonar wa suke? Madarar shayinka daga ɓaunar wa? Na miƙa masa almakashina na ɗinki. Ya yanke, ya liƙe, har yana ce mini uwa."

"Amma Wahini… ƙarya za mu yi wa Wastad?"

"Mai man gashin ya kayar da kai?"

"Na rantse da Hanuman, a'a."

"To ashe ƙaryar ce na cire. Sauran kuma kai za ka je ka durƙusa ka faɗa masa da bakinka, bayan ka ci kokawar jibi. Ran nan zai fi jin magana."

Ta tace badam ɗin a cikin madara, ta cika babban kofin tagulla, wanda tun Malhari yana yaro ba mai sha da shi sai shi. Ta dangwara masa a gaba.

"Sha. Kuma ka ji da kyau, Bawuji, jibi a jar ƙasa babu almakashi."

Ya tayar da kujerar ya zauna, ya karɓa da hannu biyu. Idonsa ya kawo ruwa, sai ya ɓoye fuska a cikin kofin har ya ga ƙasansa. Ita kuwa ta jawo ƙunshin tsarabar da ƙafa, ta leƙa, ta taɓe baki.

"Launin ba laifi. Wa ya zaɓar maka? Na san dai ba kai ba."

"Tsaya tukuna," in ji shi, yana share gashin baki. "Tunda an yanke saukowata, yanzu ni ina nake a fim ɗin?"

"Kana sama."

"Sama?"

"Ya ɗaga ka, sai waƙa ta fara. Har aka yi biki, aka tashi, ba ka sauko ba."

Malhari ya fashe da dariya, irin wadda ta sa ɓauna ta amsa daga garke. Ya yi baya, ya ƙara yin baya, ƙafafun kujerar na gaba suka bar ƙasa. Shewanta ta yi wuf ta damƙo wuyan rigarsa da hannun nan nata na niƙa, ta fizgo shi gaba.

"Ba a gidana ba!"