Ranar da Ɗan Aro Ya Tona Mini Asiri a Gidan Surukai

Ko da zan manta ranar da na sauka a London, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Lahadi da na je gaishe da surukaina a Deptford. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a saman bas.

Bari in fara da laifina. Ni mutum ne mai son ƙwallo, kuma abin da ya fi wannan muni, ni mutum ne mai ganin ya san ƙwallo. Ban taɓa buga ta a wani wuri da ya wuce filin firamarenmu a Zariya ba (can ɗin ma gola ake sa ni, saboda ba na iya gudu), amma in ka ji ina sharhi sai ka rantse na horar da ƙungiyoyi uku. Akwai wata ƙaramar ƙungiya a nan kudancin London da mu 'yan Arewa wajen arba'in muke bi, ba don tana cin kofi ba, sai don bas ɗaya ke kai ka filinta daga Peckham. Muna da group a waya, kuma a can Malam Sharhi ake kirana. Ni na raɗa wa kaina sunan, wannan ma gara in faɗa.

A kakar da nake ba ku labari, ƙungiyar ta karɓo aron wani matashi Ba'amurke, ɗan wasan tsakiya, siriri, mai yawan murmushi. Muka sa masa suna Ɗan Aro. Tun wasansa na farko na yanke hukunci bai dace da mu ba. Mu ƙwallonmu ta ture ce da dogon bugu, a cikin ruwan sama da taɓo, shi kuwa so yake a taɓa a miƙa a hankali kamar ana raba goro. In an bangaje shi ya faɗi, sai ya tashi ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu. Haba jama'a! Kowane mako sai na aika voice note na minti bakwai ko takwas, kuma kullum da magana ɗaya nake rufewa: "Ku mayar musu da kayansu!"

Mutum ɗaya ne ya hana ni sakat a group ɗin. Sunan da ya sa wa kansa Mai Kallo, hotonsa kuma gonar gero ce, ba fuska. Bai taɓa aiko murya ba, rubutu yake yi, gajere mai ban haushi. In na gama zuba, sai kawai ka ga: "A ba shi lokaci. Yaron yana ganin fili kafin ƙwallo ta zo masa." Rannan abin ya ishe ni, na ɗauki waya na ce, "Wannan Mai Kallon da ji ka san yaro ne, bai daɗe da sauka daga jirgi ba. Ƙanena, je ka yi karatunka, ka bar wa manya maganar ƙwallo." Aka yi ta turo dariya. Shi kuwa ya rubuto, "To, Malam." Na kwana ina jin daɗi.

Ku riƙe wannan, mu koma wajen Hafsat.

Hafsat ma'aikaciyar jinya ce, kuma shekara guda na yi ina bin ta kafin ta ce in zo in gaida Babanta. Wallahi ina son yarinyar nan, kuma na san in na rasa ta ba zan yafe wa kaina ba. Ta yi mini kashedi tun a waya: "Baba ya kori mutum biyu kafin kai. Ba ya son mai rawar kai, ba ya son mai surutu. Ka zo a natse, don Allah." Na ce ai natsuwa a jinina take. Ta ce, "Allah ya sa."

Tun da iyayena suna can gida Arewa, Kawu Sale na roƙa ya raka ni, aminin mahaifina ne da ya shekara talatin a London. A cikin jirgin ƙasa ya yi ta bitar darasi. Kada in hau kujera ko an ce in hau. Kada in kalli Dakta, wato Baban Hafsat, a ido. Kada in ci komai sai an matsa sau uku, shi ma in ɗan taɓa kawai. Murya kuwa ƙasa-ƙasa, kamar mai zazzaɓi. Ya ce, "Nan London ce, amma cikin falon Dakta Katsina ce. Ka ji ko?" Na ce na ji, Kawu.

Abin da ban lissafa ba shi ne wasan da ƙungiyarmu ke yi a waje ranar ana nuna shi a talabijin. Na san da wasan, har na kashe wayata na yi wa kaina alkawarin ba zan tuna da shi ba. Muna shiga falon sai ga shi ɓaro-ɓaro a bango, an kashe sauti. Dakta Bashir, dattijo mai farin gemu da tabarau, yana zaune da rimot a gefen cinyarsa. Na ce a raina ƙila labarai yake jira.

Na zube a kan kafet na gaishe shi da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Ya ce in hau kujera, na ce nan ma ya isa, Baba. Aka kawo zoɓo da dambun nama aka ajiye a kan teburin tsakiya. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini.

To a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Teburin na gilashi ne, kuma talabijin ɗin gaba ɗaya yana cikinsa. Wato ina sunkuye, kowa na ganin yaro mai kunya, ni kuwa wasa nake kallo, 'yan wasan kansu a ƙasa ƙafafu a sama. (In ba ka taɓa kallon ƙwallo a juye ba, minti biyu ne ka saba.) Ɗan Aro yana ciki, kuma ba a ci kowa ba.

Kawu Sale ya gyara babbar rigarsa, farar shadda sabuwa dal, ya shiga yabona. Ya faɗi asalina, ya faɗi aikina a council, wato ƙaramar hukuma, ya ce ban taɓa fashin sallar Juma'a ba. Sannan ya ce, "Dakta, abin da ya fi burge ni da yaron nan shi ne shiru. Sai ku wuni tare ba ka ji muryarsa ba. Ba ruwansa da hayaniyar samarin zamani."

Daidai lokacin aka bugo ƙwallo daga gefe, gola ya fito ya wuce ta, ta faɗo gaban Ɗan Aro, raga a buɗe, ba kowa. Ko ni da nake gola a firamare da na ci. Sai bawan Allah ya ɗaga ta sama, ta tafi wajen 'yan kallo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai tsinci kaina a tsaye, hannu biyu a sama, ina ihu da dukkan muryar da Allah ya ba ni: "Ai na faɗa! Na faɗa! Ku mayar musu da kayansu!" Gwiwata ta daki teburin, jug ɗin zoɓo ya kife, ya bi ta kan gilashin ya sauka a cinyar Kawu Sale.

Daga bayan ƙofar kicin na ji an ce "Innalillahi", kuma na san muryar Hafsat ce. Kawu yana kallon shaddarsa da ta koma ja, bakinsa a buɗe, sauran yabon da bai ƙarasa ba yana ciki. Na sauke hannuwana a hankali na durƙusa, ina addu'ar kafet ɗin ya tsage in shige.

Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dube ni ya ce, "Tun da ka shigo kake magana kamar mara lafiya, shi ya sa ban gane ba. Amma wannan muryar na san ta. Kai ne Malam Sharhi?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya latsa, ya juyo mini da ita. Gonar gero. Ya ce, "Gonar mahaifina ce. Ni ne ƙanen naka da ka ce ya je ya yi karatu."

Jama'a, na sha jin kunya a rayuwata, amma irin wannan ban san akwai ta ba. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Baba, ai rubutunka ne yake kama da na matasa." Kawu ya ce, "Rufe mana baki!" Na rufe.

Kuma kamar abin bai isa ba, ina nan durƙushe Ɗan Aro ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ko waiwaye bai yi ba ya zura ta tsakanin mutum biyu, ɗan gabanmu ya same ta ya jefa a raga. Dakta bai yi ihu ba, bai ko motsa ba. Rimot kawai ya ɗaga ya nuna mini talabijin, ya ce, "Ka gani? Ya ga filin kafin ta zo masa." Na ce na gani, Baba. A gilashin tebur na gani, ta cikin zoɓo.

Kawu ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri, yana cewa wallahi bai taɓa ganin yaron nan haka ba. Ni kuwa na riga na sallama. A raina ina cewa shi ke nan, na zama na uku, na rasa Hafsat saboda wani Ba'amurke da bai ma san ina duniya ba. Sai na ga kafaɗun Dakta suna rawa. Ashe dariya yake dannewa, har sai da ta ƙwace masa ya riƙa share hawaye.

Da ya natsa ya ce, "Alhaji Sale, biyun da suka zo kafin shi sun yi mini shirun nan na ƙarya har suka tafi, ban san ko su wane ne ba. Wannan aƙalla na ga halinsa." Zuciyata ta fara dawowa. Sai ya juyo gare ni: "Amma kana da saurin yanke hukunci, kuma ba ka san da wa kake magana ba kafin ka yi. Ni ba zan yi maka yadda ka yi wa yaron can ba. Akwai kujera kusa da tawa a filin wasa. Duk wasan gida ka zo ka zauna, har ƙarshen kaka. In ka dace da gidan nan, za mu gani."

Haka na yi wata biyar ina zama kusa da shi a cikin sanyi, ina riƙe masa flas ɗin shayi, ina tafa wa Ɗan Aro har tafina ya yi ja. Group kuwa labari ya riga ni isa (Kawu Sale ba ya riƙe magana, musamman in an ɓata masa shadda), aka sauya mini suna daga Malam Sharhi zuwa Ɗan Aro Na Biyu. Har yau sunan bai bar ni ba, matata ma da shi take tsokanata.

Da kaka ta ƙare, ƙungiya ta sayi Ba'amurken ya zama nata. Ni sai da aka ƙara mini wata uku kafin a ɗaura aure, wai Dakta yana son ya ga yadda nake in ba a ƙwallo.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga mutum a group ba fuska sai hoton gona, ka gaishe shi da ladabi, don ba ka san 'yar wa za ka nema ba. In kuma za ka yi kunyar surukai, ka nemi inda babu teburin gilashi. Maganar Ɗan Aro kuwa, tsakanina da ku, har gobe ina ganin ƙafarsa ta hagu ba ta da wani amfani. Amma Baba yana cikin group, don haka ni ban ce komai ba.