Binciken Dokta Ajewole a Gindin Suri

Allah ya yi wa garinmu gata da ya ba mu Dokta Ajewole, Dodon Ƙwayoyin Cuta. Mutum ne da ko amala zai ci sai ya ɗora farar rigar aiki a kan babbar riga. Shi ya gano mana cewa naman kazan da matan garin nan ke tsinka a gindin suri ashe magani ne. Su da suke ba marasa lafiya tun kaka da kakanni, ai cikin jahilci suke yi.

Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. So yake Baale, mai garinmu, ya ba shi dajin surin ya kewaye da waya, mata su daina shiga. Me za su kai kasuwa? Wannan ba tambayar kimiyya ba ce.

Ranar nuni ya ɗaga wa dattawa faifan gilashi da ya shuka wa ƙwayoyin cuta. Inda ya ɗiga ruwan naman kaza ya share tas, kamar kan mai sanƙo.

"Sinadarai goma sha bakwai! Ku miya kuke gani, ni ƙarshen cuta nake gani a Afirka."

Wallahi har ni na tafa, abin kunya.

Sai Iya Morenike, shugabar masu tsinka, ta durƙusa ta gaida Baale, ta tambaya da me aka jiƙa naman kazan. Dokta ya ce ruwan da ake tatsar sinadari da shi ya ƙare masa, sai ya sa ogogoro, barasar gargajiya, kuma wannan magana ta fi ƙarfin kanta.

"Haka ne, Baba Dokta, ni ban yi boko ba. Amma ɗiga mana ogogoron shi kaɗai a gefe mana, mu ga ikon Allah."

Ya ɗauko sabon faifai ya ɗiga kowanne a gefensa, yana dariya. Baale ya kulle faifan a ɗakinsa. Washegari aka buɗe, wurin da ogogoro ya share ya ninka na naman kaza. Wata shida bawan Allah yana ɗura wa ƙwayoyin cuta barasa, naman kazan ma sirka ta yake yi.

Dokta ya fara kame-kame, wai zafi ne, wai danshi ne. Baale ya katse shi, ya ce daji na mata ne yadda yake.

"Amma ba za ka tafi hannu rabbana ba, ɗana. Mai dafa ogogoron bakin rafi ya tsufa, yana neman magaji."