Tukunyar Lemon Tsami Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da iccen lemon tsaminmu ya yi mani haihuwar wulaƙanci ba. Zamanin Turawa ne, muna zaune Boɗinga. Malam, maigidana, shi ya samo dashen wajen wani malamin gona, ya kafa shi bakin rijiya a lambunmu na fadama. Da ya fara 'ya'ya, kukun Baturen da ke zuwa rangadi shi ke kwashewa in sun sauka bariki. To, shekarar nan anka canza Baturen, wanda ya gaje shi kuwa ko ƙanshin lemo ba ya so. Icce kuma bai ji labari ba, ya ci gaba da zuba.

Kullum sai Malam ya shigo da kwando, nunannu ruwan ɗorawa da ɗanyu kore shar waɗanda iska ta kakkaɓo. Ni kuwa mace ce da ba ta zubar da abin da Allah ya hore. Duk unguwa an san ni, ko tsabar gero ɗaya yarinya ta yar wajen sussuka sai ta duƙa ta tsince ina tsaye kanta. Sai na sa lemon nan gaba. Nunannu na matsa a kunu maimakon tsamiya, na zuba a lallen matan gida, na haɗa da zuma don masu tari (har da waɗanda ba su yi tarin ba tukuna). Ɗanyun na goge tasoshi da su har mutum na ganin haƙoransa ciki. Na aika wa maƙwabta, har maƙwabciyata Ta-Allah ta aiko cewa don girman Allah in bar su haka, haƙoran gidansu sun mutu.

Da na rasa yadda zan yi, sai na ɗauko sabuwar tukunyar ƙasa da na saya don sunan jikana, na matse sauran lemon ciki, na rufe, na tura ƙarƙashin rumbu. Ruwan ya kwana biyu ciki, ina ɗiba kaɗan-kaɗan.

Ɗiyata ta fari ce ta zo gida haihuwa (ba ni faɗin sunanta, ko yanzu da na tsufa). Mijinta Bafillace ne daga wajen Shagari, mutanen kirki masu shanu. Ranar suna da hantsi sai ga danginsa mata sun iso da ƙore bisa kai, uwar mijin, Inna Dudu, na gaba, yayar mijin Innar, Goggo Fendo, na bayanta. Goggon nan doguwa ce, ba ta dariya, idonta na shiga ko'ina. Da na gan ta na ce a raina, yau na gamu da irina.

Cikin kayansu akwai madarar safiyar nan, ta saniyar da anka ba jaririn. Inna Dudu ta ce a dafa a dama wa mai jego kunu da ita. Ta-Allah ta miƙe za ta kawo tasu tukunya, na dalla mata harara.

"Zamna, Ta-Allah. Gidanga ba a aron tukunya ranar suna."

Na tafi da kaina, na juye ruwan lemon cikin wata ƙwarya, na ɗauraye tukunyar sama-sama, na kawo ta tsakar gida ina cewa, "Sabuwa ta, wuta ba ta taɓa ganin gindinta ba." Wannan kam gaskiya na faɗa. Abin da ban lissafa ba shi ne yumɓu na shan abin da anka zuba mai.

Anka ɗora madara. Goggo Fendo ta ce mai jego ta fito ta sa hannu ta motsa, don albarka. Yarinyar ta fito lulluɓe, ta kama muciya ta juya. Madara na fara zafi sai ta tsinke. Ruwa tsanwa-tsanwa gefe guda, gudaji fari na yawo a kai. Nan take mai guɗa ta haɗiye guɗarta.

Goggo Fendo ta leƙa tukunya, ta dubi ɗiyata. "Madarar da anka tatsa yau ba ta tsinkewa banza. Hannunta na taɓawa ta lalace. A duba nonon yarinyar nan. In shi ma haka yake, ba mu barin ɗanmu ya sha. Akwai mai shayarwa a ruga."

Ɗiyata ta saki muciya, hawaye na zuba. Ni kuwa a take na san abin da ya faru, don tururin da ya bugi hancina ba na madara kaɗai ba ne. Sai ga ni tsakanin kunya biyu. Uwa ba ta tsaya wa ɗiyar fari gaban surukai, abin faɗe ne. Kuma ni ce wadda ke bi gida-gida tana duba tukwanen mutane. Amma in na yi shiru, jariri zai bar ƙirjin uwarsa saboda lemon tsami.

Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na ce da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Ba yarinyar ba ce. Tukunyar ce. Lemon tsami na ajiye ciki."

"Mi kika ce, Iya?" in ji Ta-Allah, alhali ta ji sarai. "Ɗaga murya, na baya ba su jiya ba."

Na maimaita. Wata daga baya ta ce, "Sabuwar?" Na ce, "Ita." Da ƙasa na tsagewa ranar nan, da har tabarmar da nike kai na shige da ita.

Inna Dudu ba ta yi dariya ba. Ta matso, ta tsoma ɗan yatsa cikin ruwan, ta lasa, ta yamutsa fuska. Ta miƙa wa Goggo Fendo ludayi. "Ɗanɗana, Goggo. In nonon yarinya ne ya yi wanga tsami, to bisa icce ya tsiro." Goggo ta kurɓa, idonta ya rufe da kansa, ta tofar. Nan fa dariya ta ɓarke, har mai jego cikin hawayenta.

Sai Inna Dudu ta ce a kawo mata tsabtataccen ƙyalle. Ta tace gudajin, ta matse, ta yanyanka, ta soya da man shanun da sunka zo da shi, ta barbaɗa gishiri. "Mu da tumfafiya muke wahalar yin cuku," ta ce wa taron, "ashe surukata ta san hanya mai sauƙi tana ɓoye muna." Ta fara ba mai jego, sa'an nan ni. Goggo Fendo ta ci, ta sake miƙa hannu, ba a ƙara tada zancen duba nono ba. Jikana ya sha nonon uwarsa har yaye.

Da za su tafi, na kama hannun Inna Dudu bayan ɗaki zan yi godiya. Ta ce, "Bari, Iya. Wadda ta zubar da girmanta don ɗiyarta, ban da abin da zan roƙa wajenta sai lemo." Na cika masu ƙoren da sunka kawo madara da nunannu da ɗanyu, ta ce amma ƙoren nan sun gama ganin nono har abada.

Inna Dudu ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, kullum tana cikin addu'ata. A wajenta na koyi cewa in abu ya ɓaci, harshe ya fara zuwa tukunya kafin ya je kan mutum. Har yau ina yi wa yara faɗa, wannan kam hali ne. Sai dai yanzu nakan ɗanɗana tukuna.