Bargo na Huɗu

"Lafiya lau, angona. Ina bargon da na aike ka?"

Kaka ce ta tare jikanta Dogo, ma'aikacin jinya, a ƙofar ɗaki. A ciki mijinta na kwance tun safe yana rawar ɗari, ta lafta masa barguna uku, hancinsa kawai ake gani. Ya sha magani amma zazzaɓin ya ƙi sauka. Hankalinta a tashe yake, sai dai bakin nan nata ko a jikinsa.

Dogo ya zaro ma'aunin zafi daga aljihu.

"Bargo na ce, ka kawo mini tsinken sakace?"

"Amarya, jinya kike yi ko so kike tsohon nan ya ƙyanƙyashe?"

Ya yaye barguna biyu, ya buɗe taga.

"Na gano ka. So kake sanyi ya kashe mini miji ka gaje ni."

"Da haƙoranki biyun nan? Ko kyauta ce sai na yi shawara."

"Da su na tauna maka nama lokacin da bakinka ba ko ɗaya, marar kunya."

Yana goge wa tsohon jiki da ruwa mai ɗumi, yana yi mata bayani. Rawar ɗarin nan, in ji shi, jiki ne ke hura wutarsa don ya yaƙi ciwo. In ya gama sai ya fitar da gumi, iska ta busar da shi, zafin ya bi ta. Bargo kuwa tare hanya yake yi.

Kaka ta waiga ta dubi randar ruwanta da ke bayan ƙofa.

"Ikon Allah. Ashe randa ce. Ta jiƙe ta waje, ruwan ciki ya yi sanyi. Shekara huɗu ka yi a makaranta kan abin da ke bayan ƙofata?"

Dogo ya saki baki, don ko malaminsu bai taɓa faɗa da kyau haka ba. "Lallai da tsohuwar zuma ake magani."

"Uwarka ce tsohuwa."

Can gumi ya karyo wa tsohon, ma'auni ya sauka, ya buɗe ido ya nemi ruwa. Kaka ta juya baya tana share fuska da gefen mayafi.

"Kuka kike yi, amarya?" in ji Dogo.

"Randata ce ke aikinta." Ta yi dariya, ta wurga masa bargo ɗaya. "Ungo. Gwauro ya fi mijina bukatarsa."