Rasuwar Hajiya Bi-Tu, Mai Duba Mana Hadari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Mu'az Sharhabilu na unguwar Takur a Dutse, mai sana'ar haɗa manhajojin waya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da manoman Buji da na Kiyawa baki ɗaya, rasuwar abokiyar aikinsa Hajiya Bi-Tu. Ta cika ne ranar wata Talata da hantsi a ƙarshen daminar nan, bayan doguwar jinyar da shi kansa ya daɗe yana musantawa.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ba mutum ba ce, ba kuma waya ba ce. Wata taga ce a jikin na'urorin wani kamfanin hasashen yanayi na ƙasar waje, irin wadda masu sana'ar ke kira API. Manhaja takan je ta ƙwanƙwasa, ta yi tambayarta, a miƙo mata amsa. Da harafi da lamba kamfanin ya raɗa mata suna, wato siga ta biyu, bakin Mu'az ya mayar da shi Bi-Tu. Hajiyar kuwa matarsa Murja ce ta ƙara, domin a cewarta duk wadda ke zaune a ƙasar waje, ana gaishe ta kowace safiya, ita kuma ba ta taɓa tako ƙafa ta gaida kowa ba, ta cancanci laƙabin.

Mu'az ɗan gidan makiyaya ne. Baffa Bubayero, ƙanen mahaifinsa da ya riƙe shi a Buji, ya daɗe yana cewa bai ga amfanin karatun da ke sa mutum ya wuni yana kallon gilashi ba. Don ya kare kansa daga wannan gori Mu'az ya haɗa wata 'yar manhaja mai suna Hadari, wadda aikinta guda ne tak: ta gaya wa mutum ko za a yi ruwa yau. Ita kuma Hadari ba ta san komai ba, Bi-Tu take tambaya. Baffa bai yarda nan take ba. Yana da gwiwar hagu da ke masa tsami duk lokacin da ruwa ke tafe, sai ya kwashe damina guda yana gwada gwiwar da wayar. Da kaka ta yi, ya kira Mu'az gaban mutane ya ce, “Mu'azu, baƙuwar nan taka ta fi gwiwata gaskiya.” Mu'az ya ce a rayuwarsa ba a taɓa ba shi shaidar da ta kai wannan ba.

Marigayiya mai sauƙin kai ce. Mabuɗi ɗaya, wato lambar sirrin da ake nunawa kafin a amsa, Mu'az ya karɓa ranar da suka haɗu, ba ta sake tambayarsa wani ba. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma raina ƙauye. In an ce mata Buji ta san Buji, in an rubuta shi da kuskure ta kau da kai ta ba da amsa. Ko sabis ya ragu zuwa sanda ɗaya, takan lallaɓo ta iso. Duk wanda ya yi aiki da ita ba zai manta gaisuwarta ba, wadda take fara kowace amsa da ita, da lambar da a sana'ar ke nufin komai daidai: “Ɗari biyu, lafiya lau.” Ba a ce ba ta kuskure ba. Akwai shekarar da ta yi wa Kiyawa alƙawarin ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka tashi da yayyafin da bai jiƙa hular kowa ba. Mutanen Kiyawa sun yafe mata tun tana raye.

Ciwon ya fara ne a hankali. Wata safiya Mu'az ya buɗe kwamfutarsa ya tarar wani siririn layi ya ratsa sunanta, ga gargaɗi da ruwan ɗorawa a gefe, cewa an daina kula da wannan siga, a koma ta uku. Mashkura, abokiyar sana'arsa da suke haya a ofis ɗaya, ta leƙo ta gani.

“Malam Mu'az, layin nan fa ba ado ba ne. Ni tuni na kwashe kayana na koma.”

“Tari ne kawai,” in ji shi. “Sun saba tsorata mutane.”

Da gargaɗin ya ishe shi, sai ya rubuta layi guda a cikin manhajar wanda ke hana gargaɗi fitowa, ya ce an samu sauƙi. Saƙonnin da kamfanin ke turowa kuwa, ya ware musu wani lungu a akwatin saƙonsa inda ido ba ya kaiwa. Bayan an jima ta fara suma. Kamfanin kan rufe tagar na wasu sa'o'i da gangan, don masu taurin kai su farga. Mu'az ya ɗora laifin a kan sabis, ya canza layin waya, har ya hau duwatsun bayan gari da kwamfuta a hammata yana neman inda iska ta fi kyau. Da ta farfaɗo da yamma sai ya ce hawan dutsen ne ya yi magani.

Ba za a ce bai yi jinya ba. Ya lulluɓe ta da wasu layuka na kansa, yadda in an tambaye ta ta yi shiru, za a dakata a sake tambaya a hankali, kamar yadda ake yi wa tsohuwa mai nauyin kunne. In kuma shirun ya yi tsawo, ya tsara Hadari ta riƙa nuna amsar da aka samu ta ƙarshe, don kada manoma su buɗe waya su ga wayam. Mashkura ta ce rabin wahalar da ya sha a wannan ɗinki da ta isa ya koma sabuwar siga. Ya ce ita ba ta san zumunci ba.

Ranar Talatar da abin ya faru, Mu'az na zaune da kofin shayi ya aika mata tambayar da ya saba. Amsa ta dawo nan take, babu gaisuwa, sai lambar da ke nufin an rufe taga har abada. “Ɗari huɗu da goma. Na tafi.” Ya sake tambaya, ta maimaita. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ta maimaita. Shayin ya huce a inda yake.

Bai gaya wa kowa ba. Ya yi niyyar gyara komai kafin a lura. Ita kuwa Hadari ta yi abin da aka koya mata, ta ci gaba da nuna kalaman marigayiya na ƙarshe ga duk wanda ya buɗe ta: yau babu ruwa, rana ƙal. Haka ta faɗa ran Laraba, aka dace. Haka ta faɗa ran Alhamis, aka sake dacewa. Ran Juma'a Baffa Bubayero ya shanya gyaɗarsa ta bana gaba ɗaya a filin bayan gida. Gabas ta haɗe ta yi baƙi, shanu suka ƙi nisa da gida, gwiwar hagu ta yi ta sara. Baffa ya duba waya, ya ce wa gwiwar ta yi masa shiru, ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci.

Da la'asar wayar Mu'az ta yi ƙara. Ana jin zubar ruwa a bayan muryar.

“Mu'azu, wayarka ta ce rana ƙal. Ga ni tsaye a cikin ranar, ta kawo mini idon sawu.”

“Baffa, a yi haƙuri. Ta rasu tun Talata.”

“Wa ya rasu?”

“Bi-Tu, Baffa. Wadda ke gaya mana.”

Baffa ya yi salati. Can ya ce, “To in ta rasu Talata, wa ke mini magana tun Laraba?”

Mu'az ya sa wayar a aljihu. Ya hau babur ya nufi Buji cikin caɓi, ya kwana biyu a can yana tsince gyaɗa daga laka, yana baza ta a ɗaki da rumfa, yana juyawa. An ceci mafi yawanta. Wadda ruwa ya ja zuwa kwari, awakin maƙwabta sun gode. A kwanakin nan Baffa bai ɗaga masa murya ba, sai dai duk wanda ya shigo jaje yakan nuna masa Mu'az ya ce, “Ga wanda ya bar gawa tana mana hasashe.”

Marigayiya ta rasu ta bar manhajar Hadari, da Mu'az, da manoma masu yawa da har yanzu wasunsu ba su san an yi rashi ba. Ta kuma bar ƙanwa guda, Bi-Tiri, wato siga ta uku, wadda kamfanin ya ce ita ce magajiya. Iyalai ba sa son aibata kowa a lokacin makoki, amma gaskiya halin ba ɗaya ba ne. Bi-Tiri ba ta karɓar tsohon mabuɗi, sabon ma bayan ɗan lokaci sai ta ce ya lalace a kawo wani. Ranar da Mu'az ya fara gaishe ta ya ce mata Buji, ta tambaye shi ko Fiji yake nufi, ta kuma gargaɗe shi game da igiyar teku. Ya ce mata Kiyawa, ta ce zafin garin ya kai digiri ɗari uku da goma sha ɗaya. Murja da ke leƙe ta kafaɗarsa ta ce, “Baban Afra'u, in haka ne a daina sayen itace. A ajiye tukunya a tsakar gida kawai.” Sai da Mashkura ta nuna masa cewa ƙanwar da wani ma'auni daban take awo, sai an rage wani adadi kafin a samu zafin da mutane suka sani, sannan Kiyawa ta sauko daga wuta.

Yanzu sun fara fahimtar juna. Mu'az ya koyi ba ta lambobin taswira a maimakon sunan gari, ya cire layin da ke toshe gargaɗi, ya kuma koya wa Hadari ta ce “ban sani ba” in ba ta sani ba, abin da Baffa ya ce ko a cikin mutane ba kowa ya iya shi ba. Kowace safiya yakan kira Buji ya ji ta bakin gwiwa kafin ya gaskata ƙanwar. Abin da bai gaya wa kowa ba sai Murja shi ne, a can ƙasan takardun kamfanin ya ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa ana shirya siga ta huɗu. Tun ranar yake kallon Bi-Tiri da tausayi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Mu'az a Takur. Babu wanka, babu salla, domin limamin unguwa da aka tuntuɓa ya ce kada a kawo masa wasa. Za a buɗe kwamfuta ne a kan tabarma a goge layukan marigayiya daga cikin manhajar. Mashkura ce za ta danna, saboda Mu'az ya gwada shi kaɗai hannunsa ya ƙi, ya ɓuge da gyara mata waƙafi. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu son yin ta'aziyya su sabunta Hadari a wayoyinsu, wannan ya wadatar, musamman mutanen da har yau take ce wa rana ƙal. Baffa Bubayero ya aiko da gyaɗa za a raba, ana roƙon kada a yi tambaya a kan ɗanɗanonta.

A fili za a zauna, babu rumfa. Ana shawartar masu zuwa kowa ya riƙo lemarsa, domin wadda za mu tambaya ita za a binne.