Sunan Baba a Kan Ledar Dambu

Ko da zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar walimar ɗiyar Gwaggo Asabe ba. Har yau in ina wanke-wanke abin ya faɗo mini a rai, sai in ji na ce "wayyo ni" da ƙarfi ni kaɗai. Maigidana ya leƙo ya tambaya ko wuƙa ce ta yanke ni, in ce masa a'a. Da ma wuƙar ce, ai da tuni wurin ya warke.

Bari in faro muku daga tushe. Babanmu mahauci ne a Ƙofar Kware, kuma duk wanda ya san kilishi a unguwar nan ya san nasa. Ni ce autarsa. Tun ina ƙarama nake zama gefen turmi in ana dakan yaji, ina atishawa ina ƙin tashi, har na haddace haɗinsa ba tare da ya zaunar da ni ya koya mini ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, yayyena suka ci gaba da fataucin shanu, ba wanda ya waiwayi kilishi. Abin ya tsaya mini a rai. Sai na fara yin dambun nama da haɗin yajin nan nasa, ina tallatawa a waya, kuma Alhamdu lillahi aka karɓe shi hannu biyu.

Nan fa ƙawaye suka fara zuga ni. Wai sana'ar zamani ba ta yiwuwa sai da suna da leda mai kyau, wai har yaushe zan riƙa ƙulla dambu kamar mai sayar da gyaɗa. Ni kuwa ba a zuga ni sau biyu (wannan halin nawa ko a makaranta an san shi). Na ɗauki mayafi na nufi wani shagon buga takardu a Sama Road.

Mai shagon bakinsa kamar an shafa zuma. Tun daga ƙofa yake kirana Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ya tambaye ni sunan da za a sa, na ce sunan mahaifina, Abdullahi, don ina so sunan nan ya ci gaba da yawo a gari kamar yadda kilishinsa ya yi. Ya ce madalla. Sai ya juyo mini da kwamfuta ya ce, "Hajiya, ga shawara. A rubuta shi da baƙaƙen Larabci. Mutanenmu in sunka ga Larabci bisa leda, hankalinsu ya kwanta. Ba sai kin ce kayanki halal na ba, leda ta faɗi da kanta. Wasu ma su ɗauka daga Saudiyya anka kawo shi."

Na ji maganar ta zauna mini daram. Abin da zai ba ku dariya, ko haushi, shi ne wurin da na kai hankalina. Lokacin zaɓe ne, gari ya cika da fastoci, don haka na zauna muna ta ja-in-ja da shi a kan launi. Ya sa wannan, na ce a'a, na jam'iyyar su wane ne. Ya sauya, na ce wannan kuma na 'yan adawa ne, kar a ce dambuna ya yanki katin jam'iyya. Har alamar da ya zana a gefe na sa ya goge, wai ta yi kama da ta wani ɗan takara. Na fito shagon ina jin kaina mace mai hangen nesa. Sunan kuwa, da ruwan zinariya a tsakiyar leda, ban ga komai a jikinsa ba sai kyau.

Ledar farko da na cika, Inna mahaifiyata na kai wa. Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana kallo. Ta bi rubutun da yatsa daga dama zuwa hagu. Sannan ta ce, "Auta, in an ci, ina aka kai ledag ga?"

Na yi dariya na ce, "Shara mana, Inna. Ko adana ta za a yi?"

Ta sake duban ledar. Can ta ce, "To, Allah shi sa albarka." Na ga idonta ya kawo ruwa, na ɗauka kewar Baba ce, har na ji daɗi a raina wai aikina ya taɓa zuciya.

Ya kamata ku san wace ce Inna. Irin matan da ne masu alkunya. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta kama sunan Baba ba, sai dai ta ce Malam. Ɗana da aka mayar wa sunan ma, Abba take kiransa. Ko maƙwabci mai irin sunan ya yi sallama, sai ta ce "mai sunan Malam ya zo." Kuma mace ce da ake ji da ita a unguwa. In za a duba kayan lefe ita ake kira, in mata da miji sun saɓa ita ake aikawa, in mai jego ta rasa kan jariri wurinta ake zuwa.

Kasuwa ta buɗe, har yaran unguwarsu Inna suna saro ƙananan ƙulli suna sayarwa a bakin layi. Ana nan sai matar yayana, Hauwa'u, wadda suke gida ɗaya da Inna, ta ja ni gefe. Ta ce tana ganin wani abu da ya dame ta. Wai Inna kullum da safe sai ta sa hijabi ta fita lungu tana tsintar shara, har da tona kwata da kara, ta dawo da abin ƙunshe a gefen zane ta shige ɗaki ta rufe. In an tambaye ta sai ta ce ba komai.

Maimakon in je in zauna da uwata in tambaye ta, sai na zama likita. Na ce kaɗaici ne, na ce tsufa ne, na ce ai an ce rashin miji yana taɓa wasu. Na kai maganar wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wai neman shawara (wanda ya gaya wa Gwaggo Asabe magana, ya huta da zuwa gidan rediyo). Kafin a jima dangi kowa ya ji cewa Inna sai addu'a.

Sai bikin ɗiyar Gwaggon ya taso a Ƙofar Atiku, aka ba ni aikin dambun da za a raba wa mata a walima. Na ce to, ga talla ta zo har gida. Na ɗinka leshi sabo, na kafa ɗauri kamar zai taɓo rumfa. Dangin ango daga Kano suka zo, mata masu ƙamshi da gwala-gwalai, aka ba su kujerun gaba. Malama ta gama nasiha, aka raba abinci, aka bi kowa da ledar dambu. Ina tsaye ina kallon yadda ake lashe yatsu, zuciyata fari ƙal. Aka ci, aka yar da leda a ƙasa kamar yadda aka saba a kowane biki.

Mai gabatarwa ta miƙo mini makirfo ta ce mai dambu ta zo ta faɗi lambar wayarta. Na karɓa, na gyara murya, na fara da godiya. Ban kai ga lambar ba na ga idanun mutane sun bar kaina sun koma bayana.

Inna ce. Ta taso daga tabarmar manya, ta duƙa tsakanin kujeru tana tsintar ledojin nan masu maiƙo ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a hijabinta. Ta kai gaban wata daga cikin baƙin Kano, ta taɓa mata ƙafa ta ce, "Ɗiyata, ɗaga takalminki kaɗan." Matar ta janye ƙafa da sauri ta dubi ta kusa da ita. Na ji wata daga danginmu tana raɗa, raɗar da kowa ya ji, "Ita ce wadda aka ce."

Kunya ta rufe ni, amma kunyar banza, ta leshi da ɗauri. Na je na kama hannunta na ce, "Haba Inna, don Allah ki zauna, kina ba mu kunya gaban baƙi." Makirfo na hannuna, ya kwashe maganar ya watsa har waje. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na juya wurin jama'a, wai ni mai rufa asiri, na ce, "Ku yi haƙuri, tun rasuwar Babanmu ba ta cika jin daɗi ba."

Wallahi da bakina na faɗa. Ba aljani ba ne ya shige ni, ni ce.

Inna ba ta fizge hannunta ba. Ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa, ta zaro leda ɗaya daga hijabi, ta shafe ta da tafin hannu. Sawun takalmi na kwance a kan ruwan zinariyar. Ta ɗaga ta saitin fuskata ta ce, "Karanta."

Na karanta.

Ta sa yatsa a ƙarshen sunan ta ce, "Wanga na ƙarshe, sunan wa na?"

A nan ne na gani. Ni da na yi allo, na yi Islamiyya, ni da tun ina yarinya in na ga takarda mai Larabci a ƙasa nake ɗauka in soke a jikin katanga. Abdullahi, bawan Allah. Sunan Ubangiji ne ɓaro-ɓaro a rabin sunan, na buga shi a leda, na raba wa gari, ana ci ana jefawa a kwata.

Ta ce, "Tun da anka kai ni gidan Malam ina ƙaramar ɗiya, bakina bai taɓa kama sunan ga ba. Ga shi kuma haɗe da na Mai Sama. Shi na kinka ba mutane su taka. Ni lahiyata lau, Auta."

Ba ta ɗaga murya ba, amma makirfon nan maras imani bai bar ko kalma ɗaya ba. Malama ta fara salati, sai mata suka shiga ɗaga ƙafafu kamar an zuba garwashi, kowa na leƙa ƙarƙashin kujerarta. Na zube a ƙasa da sabon leshina ina tsinta ina kuka, kwalli ya zubo mini har haɓa, ɗaurin nan ya faɗo wani yaro ya taka shi. Ina jin wata Bakanuwa tana ce wa 'yar'uwarta, "Ikon Allah, ashe 'yar ce ba ta da lafiya." Ban ji haushinta ba, don ta fi kowa gaskiya a ranar.

Washegari na je gida na durƙusa. Inna ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, cike da ledojina, duk ta wanke su da sabulu ta shanya ta jera. Na ce, "Inna, me ya hana ki gaya mini tun ranar farko?" Ta ce ta so ta faɗa, amma tun rasuwar Malam ba ta ga haƙorana a waje ba sai rannan, sai ta ga tsintar ta fi mata sauƙi. Muka haɗa da sauran da ke wurina muka ƙone a bayan gida, aka binne tokar. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, kuma na san har zuciyarta ta faɗa.

Sai dai magana zarar bunu ce. Waɗanda ke wurin sun ji amsar Inna, amma labarin da ya fita gari rabin farko ne: ai 'yarta ce da kanta ta faɗa a lasifika. Na bi gida-gida ina gyarawa, ana ce mini "Allah sarki, ai haka ɗa nagari yake, yana rufa wa uwa asiri." Yanzu in mata sun zo gaishe ta, da ƙarfi suke mata magana, a hankali, kamar mai koyon Hausa. An yi lefe nawa a unguwar ba a aiko mata ba. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ni ce dai nake ƙirgawa a zuci ina jin kamar in haɗiye harshena.

Ledar dambuna yanzu fara ce fat, ba Larabci ba boko sai lambar waya, kuma ana saye yadda aka saba, ashe da ma yajin ake bi. Na kuma koyi cewa in ka ga babba ya duƙa a cikin taro, ka duƙa tare da shi ka ga abin da yake ɗauka kafin ka buɗe baki. In kuma akwai makirfo a hannunka, ka fara miƙa wa mai shi.

Kwanan baya aka yi bikin wata jikar maƙwabta, na shirya na biya in ɗauke ta mu je tare. Na tarar da ita zaune a bakin gado da carbi, ko wanka ba ta sake ba. Na ce, "Inna, tashi mana, ana jiranmu." Ta jawo ni, ta gyara mini mayafi a kafaɗa, ba fushi ba gatse, ta ce, "Tahi ke ɗai, Auta. Kar in je in ba ki kunya."

Ni ma ban je bikin ba. Na cire takalmi na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta har aka kira la'asar.