Yadda Za Ka Zama Shugaban Sashe da Reshen Murtsunguwa

Manaja ya yanko reshe biyu daga murtsunguwar da ke tagar ofishinsa, ya ba ka ɗaya, ya ba sabuwar ma'aikaciya ɗaya. Ya ce wanda nasa ya yi saiwa, shi ne shugaban sashe. Kada gabanka ya faɗi. Ita bakwai da rabi take zuwa aiki, kai sai rana ta take, amma ka bi matakan nan, kujera taka ce. Ba su taɓa ba rago kunya ba.

1. Karɓa da ladabi

Murtsunguwa ƙaya gare ta. Jawo fayil ɗin dattijon nan da ke zaryar neman sa hannu tun bara, ka naɗe reshen da shi. Yau dai fayil ɗin ya motsa. Ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

2. Ajiye, ka manta

Ba a dasa reshe da ɗanyen yanka, sai ya yi mako a inuwa bakin ya bushe. Masana sun ce wannan matakin ne ke gagarar mutane. Kai shekara goma sha ɗaya kana yi wa kowace takarda haka.

3. Dasa sama-sama

Yashi, tsakuwa, tukunya mai huji a gindi. Kada ka zurfafa. Zurfafawa ba ta taɓa ƙara wa kowa girma a ofishin nan ba. Shimfiɗa fayil ɗin a ƙarƙashin tukunyar, kada tebur ya ɓaci.

4. Hana ta ruwa

Mako biyu, ko ɗigo. Ita kuwa yarinyar za ta riƙa ba nata safe da yamma, har da jadawali a bango. Za ta leƙo ta ce, "Yallaɓai, naka ba ya jin ƙishi?"

Ka yi hamma ka ce, "Ƙanwata, mu mun tsufa. Ƙara wa naki, aiki sai masu jini a jika."

Idan dattijon ya ƙwanƙwasa taga, ka ce a dawo gobe.

5. Ranar dubawa

Manaja zai ja nata, ya fito luguf, ruɓaɓɓe, yana wari. Zai ja naka, ya ji ya kama ƙasa gam. Sai ya juyo ya ce, "Kun gani? Gogewa ba a makaranta ake koyonta ba." Sunkuyar da kai. Kada ka yi dariya sai ta fita.

Gargaɗi

Ba ruwan mai wannan rubutu da abin da zai biyo baya. Murtsunguwa kaɗai aka gwada wa dabarar ta rayu. Idan ɗan dattijon ya zo ya ce a bar sa hannun, an kai baba makwancinsa shekaranjiya, ka yi masa ta'aziyya a tsaye, kada ka ɗaga tukunyar. Saiwar ba ta son motsi.